Yitzhak Rabin: Janar ɗin da ya kewaye Gaza da shinge

Da safiyar Lahadi, 22 ga Janairun 1995, mahaɗar hanyoyi ta Beit Lid da ke kusa da garin Netanya ta cika maƙil da sojojin Isra'ila masu jiran motocin da za su mayar da su barikoki bayan hutun Asabar. Wani matashi daga Zirin Gaza ya kutsa cikinsu ya tayar da bam ɗin da ke jikinsa. Ana cikin rububin kai agaji sai na biyu ya tayar da nasa. Sama da mutum 20 suka mutu, kusan dukkansu sojoji, kuma ƙungiyar Islamic Jihad ta ce ita ta tura maharan. Kashegari Firaminista Yitzhak Rabin ya yi wa ƙasarsa jawabi ta talabijin. Bai janye daga tattaunawa da Yasser Arafat ba, bai kuma ɓata lokaci kan zancen zumunci da maƙwabtaka ba. Abin da ya sa a gaba shi ne rabuwa: Yahudawa a nasu ɓangaren, Falasɗinawa a nasu, da iyaka a tsakani wadda za a tsare. Cikin 'yan kwanaki ya ɗora wa ministan 'yan sanda, Moshe Shahal, aikin tsara yadda za a yi wannan rabuwa a aikace.

A yau idan aka ambaci katangar da ta ratsa Gaɓar Yamma da Kogin Jordan, sunan Ariel Sharon ake fara tunawa, domin gwamnatinsa ce ta soma gina ta a 2002. Idan kuma aka ambaci Rabin, hoton musabaharsa da Arafat a fadar shugaban Amurka ke zuwa rai. Amma tunanin shingen ya girmi gwamnatin Sharon, kuma a hannun mai musabahar ya fara zama manufar gwamnati. Wanda ya bi rayuwar Rabin daga tushe zai ga cewa musabahar da shingen daga tukunya ɗaya aka kwaso su.

An haife shi a birnin Ƙudus ranar 1 ga Maris 1922, lokacin da Falasɗinu ke hannun Turawan Birtaniya. Mahaifinsa, Nehemiah, ɗan ƙasar Yukren ne da ya yi zaman neman kuɗi a Amurka, kafin ya shigo Falasɗinu cikin rundunar Yahudawa da ta taya Birtaniya faɗa a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Mahaifiyarsa, Rosa Cohen, daga Belarus ta zo a 1919. Mace ce mai zafin ra'ayin ƙwadago, ta yi kansila a Tel Aviv, kuma tarurruka sun fi ganin ta fiye da 'ya'yanta. Gida ne da ba a cika zancen ibada a cikinsa ba, aiki da ƙungiya su ne addinin gidan. Ta rasu a 1937, Yitzhak yana ɗan shekara 15. A wannan shekarar ya shiga makarantar koyon aikin gona ta Kadoorie da ke gindin Dutsen Tabor, da burin zama injiniyan ruwa mai tsara noman rani. Ya gama a 1940 da sakamako mai kyau, har ƙofar karatu a Kaliforniya ta buɗe masa, amma duniya na cikin yaƙi, sai ya zauna. A 1941 ya shiga Palmach, rundunar zaratan ƙungiyar Haganah, kuma daga nan bai sake komawa kan maganar ruwa ba.

A Oktoban 1945 yana cikin jagororin farmakin da ya kuɓutar da Yahudawa baƙin haure kimanin 200 daga sansanin Atlit. A ƙarshen Yunin 1946 Turawa suka kama shi tare da ɗaruruwan 'yan ƙungiyarsu, suka tsare shi wata biyar a bayan waya mai ƙaya a Rafah, garin da bayan 'yan shekaru ya zama ƙofar kudu ta Zirin Gaza.

Lidda da Ramla

Yaƙin 1948 ya same shi yana ɗan shekara 26, yana jagorantar birget ɗin Harel, wadda aka ɗora wa buɗe hanyar da ta haɗa Tel Aviv da Ƙudus. Hanya ce mai ratsa tsaunuka da kwazazzabai, kuma ya rasa ɗaruruwan yaransa a kanta. A watan Yuni yana cikin waɗanda suka yi musayar wuta da 'yan uwansu Yahudawa na ƙungiyar Irgun a bakin tekun Tel Aviv, kan jirgin ruwan Altalena da ya ɗauko makamai ba tare da miƙa wuya ga sabuwar gwamnati ba. Masu ra'ayin riƙau ba su taɓa yafe masa wannan ba.

Abin da ya fi nauyi a tarihinsa na wannan yaƙi ya faru ne a watan Yuli. Sojojin Isra'ila suka kama garuruwan Larabawa biyu da ke tsakiyar ƙasar, Lidda da Ramla, Rabin yana matsayin jami'in tsare-tsaren farmakin a ƙarƙashin Yigal Allon. Takardar umarnin fitar da mutanen Lidda, ba tare da la'akari da shekaru ba, da sa hannunsa ta fita. Tsakanin mutum 50,000 zuwa 70,000 aka kora daga garuruwan biyu. Mutanen Ramla an kwashe da yawansu a motoci zuwa bakin daga, na Lidda kuwa a ƙasa suka taka zuwa wajejen Ramallah, cikin zafin Yuli, a watan Ramadan, kuma ƙishirwa da gajiya sun kashe wasu a hanya. Cikin waɗanda suka fita daga Lidda akwai wani ɗalibin likitanci, George Habash, wanda daga baya ya kafa ƙungiyar PFLP. Cikin yaran da aka kora daga Ramla akwai Khalil al-Wazir, wanda duniya ta sani da Abu Jihad, mataimakin Arafat. Shekara 40 bayan haka, a Afrilun 1988, kwamandojin Isra'ila suka kashe shi a gidansa da ke Tunis, lokacin Rabin yana ministan tsaro.

Rabin bai ɓoye wannan labari ba. Da ya rubuta tarihin rayuwarsa a 1979 ya bayyana cewa David Ben-Gurion ne ya yi nuni da hannu a kore su, kuma wasu sojojin sun ƙi shiga aikin. Kwamitin ministocin da ke tace littattafan tsofaffin jami'ai ya cire shafin, amma mai fassarar littafin ya miƙa shi ga jaridar New York Times, ta buga. Ya ba da labarin ne a matsayin abu mai ɗaci da tsaro ya wajabta, ba da harshen nadama ba. Haka halinsa yake har ya mutu: yakan faɗi abin da ya faru ko da ba daɗi, amma da wuya ya ce an yi laifi.

A farkon 1949 yana cikin tawagar da ta je tsibirin Rhodes tattaunawar tsagaita wuta da Masar. Daga wannan yarjejeniya Zirin Gaza ya samu siffarsa, wata siririyar ƙasa a bakin teku wadda 'yan gudun hijira kimanin 200,000 suka kwarara cikinta suka ninka mazaunanta na asali. Daga yarjejeniyar da aka yi da Jordan kuma aka samu layin da ake kira Koren Layi, saboda launin tawadar da aka ja shi da ita a taswira. Duk wata gardama kan katanga a yau tana komawa ne ga tambaya ɗaya: a kan wannan layi aka gina ta, ko a gabashinsa?

Ya ci gaba da hawa a soja sannu a hankali, ya yi kwas a kwalejin hafsoshi ta Camberley a Ingila, ya riƙe rundunar arewa, har ya zama babban hafsan sojojin ƙasar a Janairun 1964. Mutum ne mai kunya, mai kaurin murya, mai shan taba kamar ba gobe, wanda ba ya iya hirar banza kuma ba ya ɓoye rainin da yake yi wa 'yan siyasa. A ƙarshen Mayun 1967, yaƙi na ƙaratowa, nauyin ya rinjaye shi ya kwanta kusan kwana guda, aka ce wa jama'a gubar taba ce. Ya tashi ya jagoranci Yaƙin Kwana Shida, daga 5 zuwa 10 ga Yuni, inda Isra'ila ta ƙwace Sina'i da Gaza daga Masar, Gaɓar Yamma da Gabashin Ƙudus daga Jordan, da Tuddan Golan daga Siriya. Ranar 7 ga Yuni aka ɗauki hotonsa yana shiga tsohon birnin Ƙudus tare da Moshe Dayan da Uzi Narkiss.

Da wannan nasara Koren Layi ya shafe. Aka rushe katangu da wayoyin da suka raba Ƙudus gida biyu tun 1948, gwamnati ta daina sa layin a taswirorinta, Falasɗinawa wajen miliyan guda suka koma ƙarƙashin mulkin soja. Daga 1972 aka ba mazauna yankunan izinin shiga Isra'ila na bai ɗaya. Magina da masu aikin gona da masu wanke-wanke a gidajen abinci suka riƙa tsallakawa da asuba su dawo da dare, har yawansu ya haura 100,000. Yahudawa kuma suka riƙa zuwa kasuwannin Ƙalƙiliya da Tulkarm sayen kaya da gyaran mota da araha. Kusan shekara 20 aka yi ana wannan shige da fice, sai dai ɓangare ɗaya na da ƙuri'a da kotu da fasfo, ɗayan kuma na da gwamnan soja.

Daga kaki zuwa siyasa

Bayan ya ajiye kaki ya yi jakada a Washington daga 1968 zuwa 1973, inda ya gamsu cewa rayuwar Isra'ila a ɗaure take da Amurka. Yaƙin Oktoban 1973 ya zubar da mutuncin manyan jam'iyyar Leba, shi kuwa ba shi da hannu a sakacin, don haka da Golda Meir ta sauka sai kujerar ta faɗo masa a Yunin 1974. Shi ne firaminista na farko da aka haifa a ƙasar. A zamaninsa aka yi yarjejeniyar wucin gadi da Masar kan Sina'i a 1975, da farmakin ceto fasinjojin da aka yi garkuwa da su a Entebbe ta Yuganda a Yulin 1976. A zamaninsa ne kuma jami'an tsaro suka kashe Larabawa shida 'yan ƙasar Isra'ila ranar 30 ga Maris 1976, a zanga-zangar ƙin ƙwace filaye da Falasɗinawa ke tunawa duk shekara da sunan Ranar Ƙasa. Ya tsani ƙungiyar Gush Emunim ta 'yan kama-wuri-zauna masu kafa hujja da addini, har ya kwatanta ta da ciwon daji, amma a gaban idonsa suka kafa Ofra a 1975, suka kuma tilasta wa gwamnatinsa ta bar su su zauna a wani sansanin soja kusa da Nablus. A watan Maris na 1977 aka gano matarsa Leah na da asusun dala a wani banki a Washington, abin da dokar lokacin ta hana, sai ya janye daga takara a Afrilu. Wata guda bayan haka jam'iyyar Likud ta Menachem Begin ta ci zaɓe.

Ya dawo a 1984 a matsayin ministan tsaro cikin gwamnatin haɗin gwiwa, kuma yana kan wannan kujera boren Falasɗinawa na farko, wato Intifada, ya ɓarke a Gaza a Disambar 1987. Ya tafi Amurka a kwanakin farko yana ganin tarzoma ce da za ta lafa. Da ta ƙi lafawa ya ba da umarnin a yi amfani da ƙarfi da duka, aka raba wa sojoji kulake, kuma tun daga nan sunansa ya haɗu da karya ƙasusuwan masu jifa, ko da yake ya musanta cewa ya ba da umarnin da wannan lafazi. A Fabrairun 1988 duniya ta ga hoton bidiyon sojoji suna dukan wasu matasa biyu da duwatsu a kusa da Nablus, hannayensu a ɗaure. Aka rufe makarantu da jami'o'i, aka rushe gidaje, aka tsare dubbai ba shari'a. Kafin boren ya ƙare jami'an tsaron Isra'ila sun kashe Falasɗinawa sama da 1,000.

Duk da haka boren ya koya masa abin da yaƙi da rundunonin Larabawa bai koya masa ba. Ya ga cewa al'umma ce sukutum ta tashi, kuma kulki ba zai mayar da ita gida ba. Ya ga sojojin da ya kashe rayuwarsa yana ginawa sun koma 'yan sandan kwantar da tarzoma suna bin yara a lunguna. Ya kuma yi lissafin haihuwa: idan Isra'ila ta riƙe yankunan da mutanensu, ko dai ta ba su ƙuri'a ta daina zama ƙasar Yahudawa, ko ta hana su ta daina kiran kanta dimokuraɗiyya. A 1989 ma'aikatarsa ta fito da katin shaida na musamman wanda sai da shi ɗan Gaza zai shiga Isra'ila aiki. Wannan ne tubalin farko, kuma na takarda ne.

Musabaha da waya mai ƙaya

A Mayun 1992, ana tsakiyar yaƙin neman zaɓe, wani mutum daga Gaza ya daɓa wa wata yarinya 'yar shekara 15 wuƙa ya kashe ta a Bat Yam, kudu da Tel Aviv, garin ya yi kwanaki cikin tarzoma. Rabin ya yi wa masu zaɓe alƙawarin fitar da Gaza daga cikin Tel Aviv, kuma wannan ya shiga kunnen mutanen da ba su taɓa zaɓen Leba ba. Ya ci zaɓen Yuni da kujeru 44. Bayan 'yan watanni ya furta fatan da ma teku ta haɗiye Gaza, sannan ya ƙara da cewa tun da hakan ba zai yiwu ba dole a nemo mafita. A Disamba ya kwashe 'yan Hamas da Islamic Jihad 415 ya zubar da su a tsaunukan kudancin Labanan cikin hunturu. A watan Maris na 1993, bayan an kashe Isra'ilawa 15 cikin wata guda, ya rufe Gaza da Gaɓar Yamma baki ɗaya. Shingayen binciken da aka kafa a ƙofofin Ƙudus a wannan wata ba a sake ɗauke su ba. Tun daga lokacin, Bafalasɗinen Ramallah ko Baitalami da ke son zuwa asibiti a Gabashin Ƙudus, ko kai kaya kasuwa, ko sallar Juma'a a Masallacin Al-Aƙsa, sai ya nemi takardar izini daga hukumar soja.

A daidai wannan lokaci ake tattaunawar sirri a Norway, wadda Shimon Peres da Yossi Beilin suka rena. Rabin bai yarda da Peres ba, sun shafe shekara kusan 20 suna gaba, bai kuma yarda da Arafat ba. Amma ya lissafa cewa Tarayyar Sobiyet ta rushe, Iraƙi ta karye, ƙungiyar PLO ta talauce bayan Yaƙin Tekun Fasha, kuma idan bai yi ciniki da ita yanzu ba, da Hamas zai yi gobe. Ranar 13 ga Satumbar 1993 aka sa hannu a Washington, ya miƙa wa Arafat hannu fuskarsa kamar wanda aka ba maɗaci. PLO ta amince da haƙƙin wanzuwar Isra'ila, Isra'ila kuma ta amince da PLO a matsayin wakiliyar Falasɗinawa. Ba a ambaci ƙasar Falasɗinu ba. Batun Ƙudus da 'yan gudun hijira da matsugunan Yahudawa da iyakoki duk aka ɗage su zuwa gaba, kuma su ne ainihin rigimar.

Ranar 25 ga Fabrairun 1994, cikin Ramadan, wani likita ɗan kama-wuri-zauna mai suna Baruch Goldstein ya buɗe wuta kan masu sallar asuba a Masallacin Annabi Ibrahim da ke Hebron, ya kashe mutum 29. Rabin ya yi Allah wadai da kakkausar murya, wasu ministocinsa suka ba shi shawarar ya kwashe 'yan ɗaruruwan Yahudawan da ke zaune a tsakiyar birnin. Ya yi ta juya maganar, a ƙarshe bai yi ba. Mutanen garin aka ƙaƙaba wa dokar hana fita, aka raba masallacin biyu, aka fara rufe titin Shuhada da kasuwar da ke gefensa. Cikin duk shawarwarin da ya yanke a mulkinsa na biyu, da wuya a sami wadda ta fi wannan tsada. Daga Afrilu Hamas ta fara tayar da bama-bamai a motocin haya cikin Isra'ila, kuma harin da aka kai wa wata bas a titin Dizengoff na Tel Aviv a Oktoba ya kashe mutum 22.

A wannan shekara ta 1994, wadda Arafat ya koma Gaza a cikinta, aka ƙulla zaman lafiya da Jordan, aka kuma ba Rabin da Peres da Arafat lambar yabo ta Nobel, a cikinta ne aka fara kewaye Zirin Gaza da shingen waya mai na'urorin gano motsi, tsawon kilomita 60 ko kusa da haka, da 'yan ƙofofi irin su Erez ta mutane da Karni ta kaya. Ga Ba'isra'ile shingen ya yi aiki, domin kusan duk maharan shekarun da suka biyo baya daga Gaɓar Yamma suka fito. Ga ɗan Gaza kuwa, zaman lafiya ya zo masa da rufaffiyar ƙofa. Duk lokacin da bam ya tashi sai a rufe mashigai kwanaki ko makonni, amfanin gona ya ruɓe a kan manyan motoci, magini ya zauna a gida ba albashi. Gwamnati ta buɗe ƙofa ga leburori daga Romaniya da Tailan su maye gurbinsu. Rashin aikin yi ya ƙaru a shekarun da aka yi wa mutane alƙawarin arziki, kuma masu adawa da yarjejeniyar ba su sha wahalar samun masu saurare ba.

Shirin da Shahal ya kawo bayan harin Beit Lid bai kai katanga mai ɗorewa daga arewa zuwa kudu ba. Haɗin shingaye ne a wasu wurare da sintiri da na'urori da mashigai ƙalilan, a kusa da Koren Layi. Bai samu shiga ba. Kuɗinsa na da yawa, Peres da mutanensa suna mafarkin kasuwa ɗaya da buɗaɗɗun iyakoki, 'yan kama-wuri-zauna kuma sun gane cewa duk shingen da aka kafa zai iya zama iyaka, su kuma su tsinci kansu a bayanta. Shi kansa Rabin bai warware wannan ƙulli ba. Yana son rabuwa, amma a mulkinsa yawan mazauna matsugunan ya ci gaba da ƙaruwa, aka kuma shimfiɗa musu hanyoyin da ke kauce wa garuruwan Falasɗinawa. Yarjejeniyar Oslo ta biyu, ta 28 ga Satumbar 1995, ta yanka Gaɓar Yamma zuwa yankunan A da B da C, mafi girmansu ya zauna a hannun Isra'ila. Da ya gabatar da ita ga majalisa ranar 5 ga Oktoba, ya fayyace iyakar abin da yake nufi: Falasɗinawa za su sami abin da bai kai ƙasa cikakkiya ba, Isra'ila ba za ta koma layin 4 ga Yunin 1967 ba, Ƙudus za ta zauna a haɗe a hannunta, Kwarin Jordan kuma shi ne iyakar tsaronta. Da ƙuri'a 61 a kan 59 ya tsallake, kuma da goyon bayan 'yan majalisa Larabawa, waɗanda gwamnatinsa ta dogara da su ta kuma ƙara wa garuruwansu kason kuɗi fiye da gwamnatocin baya.

Ko wannan ɗan abin ya fi ƙarfin masu adawa da shi. A daren da ake muhawarar, dubbai suka taru a dandalin Zion na Ƙudus suna kiran sa maci amana, wasu na ɗauke da hotonsa cikin kakin sojan Nazi, shugaban adawa Benjamin Netanyahu yana jawabi daga barandar wani bene. Wasu malaman addinin Yahudanci suka riƙa tattauna ko jininsa ya halatta. Ranar Asabar 4 ga Nuwamba da dare, bayan wani babban gangamin goyon bayan zaman lafiya a Tel Aviv, yana sauka zuwa motarsa, Yigal Amir, Bayahude ɗalibin shari'a a Jami'ar Bar-Ilan mai shekara 25, ya harbe shi ta baya. Masu tsaronsa Balarabe suke jira, shi ya sa ba wanda ya tambayi saurayin da ke zaune a wurin ajiye motoci. Ya cika a asibitin Ichilov yana da shekara 73. Sarki Hussein na Jordan da Hosni Mubarak na Masar da Bill Clinton sun halarci jana'izarsa a Dutsen Herzl. Arafat bai je ba saboda dalilan tsaro, sai bayan 'yan kwanaki aka kai shi gidan Leah a Tel Aviv cikin dare ya yi ta'aziyya.

Shingen Gaɓar Yamma ya jira shekara bakwai. Bore na biyu ya ɓarke a 2000, kuma bayan watan Maris na 2002, wanda a cikinsa bam ɗaya a wani otal na Netanya ya kashe mutum 30, matsin jama'a ya sa Sharon, wanda da yake adawa da shingen, ya amince a gina. Sai dai ya ja shi yadda zai rungumo manyan matsugunai. Tsawon da aka tsara ya haura kilomita 700, fiye da ninki biyu na Koren Layi, kuma kimanin kashi 85 cikin 100 na hanyarsa a cikin Gaɓar Yamma take. Mafi yawansa waya ce da rami da hanyar sintiri, amma a Ƙalƙiliya da Baitalami da kewayen Ƙudus kankare ne mai tsayin mita takwas. Ranar 9 ga Yulin 2004 Kotun Duniya da ke Hague, da rinjayen alƙalai 14 a kan ɗaya, ta ba da ra'ayin cewa gina shi a yankin da aka mamaye ya saɓa wa dokar ƙasa da ƙasa. Kotun Ƙolin Isra'ila ta halatta shi, ta dai sa an karkatar da shi a wurare irin su Beit Surik da Bil'in. Isra'ila na nuna yadda hare-haren ƙunar baƙin wake suka ragu ƙwarai bayan gina shi. Masu suka na cewa sake mamaye biranen Falasɗinawa a 2002 da tsagaita wutar Hamas a 2005 na da nasu kason, tun da dubban leburori sun yi shekaru suna bi ta ɓarakar shingen da har yau ba a kammala ba.

Magoya bayan katangar na cewa wasiyyar Rabin suka cika, masu kare sunansa kuma na cewa shi iyaka ta yarjejeniya yake nema, wadda za a ja da sa hannun ɓangarorin biyu. Jawabinsa na 5 ga Oktoba ya bar wa kowannensu abin kamawa. Shingen da ya kafa a Gaza an tsinke shi a ƙarshen 2000, aka sake gina shi, aka ƙara masa bango na ƙarƙashin ƙasa da aka kammala a 2021. Ranar 7 ga Oktoban 2023 mayaƙan Hamas suka fasa shi a wurare da dama cikin sa'o'i kaɗan, aka kashe mutum kimanin 1,200 a Isra'ila, yaƙin da ya biyo baya kuma ya kashe Falasɗinawa dubun dubata ya mayar da yawancin Gaza kufai. A Gaɓar Yamma aka dakatar da takardun izinin mafi yawan leburorin da ke yin layi tun kafin asuba a mashigan Ƙalandiya da Baitalami, manoman da gonakinsu na zaitun suka faɗa bayan shingen kuma suka tarar da ƙofofin gona a kulle a kakar wannan shekara.